An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Agustan 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon katin ɗan ƙasa a Abuja, kuma kafin a kwana biyu gari ya ɗauka. Abin da ya tada wa mutane jijiyar wuya shi ne tambarin MasterCard da ke jikin katin. Aka yi ta rubuce-rubuce, ana cewa ta yaya za a manna sunan kamfanin Amurka a kan shaidar ɗan Najeriya kamar buhun shinkafa. Mu ma, da muke ƙarshen jami'a a lokacin ko muka fara neman aiki, mun yi namu ihun a Facebook. Yau an fi shekara goma, maganar tambari ta mutu, akasarinmu ma ba mu taɓa riƙe wancan katin ba. Takarda aka buga mana, muka kai aka rufe ta da leda. Rumbun da aka zuba sunayenmu da hotunanmu da zanen yatsunmu goma kuwa yana nan daram, ya haura mutum miliyan 100 tun 2023, an kuma ɗaure shi da layin waya da asusun banki da fasfo da jarrabawar JAMB. Duk tsawon wancan ihun, ƙalilan ne suka tambayi wa ke riƙe da makullin rumbun.

Mu masu rubuta manhaja ne, abincinmu a cikin irin waɗannan rumbunan yake, don haka bari mu fara da bayanin da ake yawan tsallakewa. A da, labarin mutum a warwatse yake. Banki ya san abin da ke shiga da fita a asusunka. Kamfanin waya ya san wanda ka kira, da ƙarfen sabis ɗin da wayarka ta kama a daren jiya. Hukumar shige da fice ta san ranar da ka bar ƙasa. Wanda yake son ya haɗa waɗannan ya gane mutum guda ne, sai ya sha wuya, domin masu suna Musa Ibrahim a Kano kaɗai sun isa su cika filin ƙwallo, wani ya rubuta Muhammad wani Mohammed, ranar haihuwa kuma kowa ɗaya ga Janairu. Wannan hargitsi, duk da yana ba mu ciwon kai a wurin aiki, ya daɗe yana zama katanga ga talaka ba tare da ya sani ba. Lamba guda mai alƙaluma 11 da aka saka a kowane teburi ita ke rushe katangar. Da zarar ta shiga, haɗa bayanan banki da na waya da na tafiye-tafiye aikin layi uku ne na rubutu, wanda ɗalibin aji biyu a sashen kwamfuta zai yi kafin shayinsa ya huce. Katin roba ba ya yin komai a cikin wannan. Ko an ƙone shi, lambar tana aiki.

To, a nan muke saɓawa da 'yan uwanmu a wannan fafutuka, kuma saɓanin ba ƙarami ba ne. Duk lokacin da gwamnati ta sa sabon wa'adi, sai muryoyi biyu su fi kowa ƙarfi: masu cewa kowa ya ƙaurace, da masu yawo da saƙon murya cewa lambar Dujal ce. Mu muna ganin dukkansu suna yi wa rumbun aiki, ko sun nufa ko ba su nufa ba.

Masu ƙauracewa suna da hujja, kuma daga Birtaniya suka aro ta. A 2005, lokacin da gwamnatin Tony Blair ke ƙoƙarin kafa dokar katin shaida, jagoran ƙungiyar NO2ID, Phil Booth, ya buɗe wani alƙawari a intanet: zai ƙi yin rajista, zai kuma ba da fam 10 ga asusun ɗaukar lauyoyi, matuƙar mutum 10,000 za su yi haka tare da shi. Fiye da 11,000 suka sa hannu. Labari ne mai daɗi, shi ya sa ake maimaita shi. Abin da ba a faɗa shi ne, a ranar da suka sa hannun babu katin, babu rumbun, kuma babu abu ɗaya na rayuwarsu da ya rataya a kansa. Baturen da ya yi alƙawarin yana da fasfo, yana da lasin tuƙi, asusunsa a buɗe, wayarsa na kira. Gargaɗi ne ya aika wa gwamnati kan abin da bai zo ba tukuna, kuma bai rasa ko kwabo ba sai fam gomansa.

Mu kuwa namu ya riga ya zo. Ranar 15 ga Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da NIN cikin mako biyu, ana tsakiyar dawowar korona, muka ga tsofaffi da mata masu goyo suna sammako a ƙofar ofisoshi tun kafin asuba. An yi ta ɗage wa'adin, har ranar 4 ga Afrilun 2022 da aka toshe kiran fita a layuka sama da miliyan 72. Wa wannan ta ci? Mai tumatir a Kwanar Gafan da dillalinsa na Legas ke jiran kiransa, da matar da mijinta ke ci-rani yana turo mata kuɗi ta waya, da yaron da ke jiran lambar JAMB. Idan ka ce wa waɗannan su ƙaurace, ka ce musu su biya kuɗin jarumtarka da abincinsu ke nan. Kuma bari mu faɗi gaskiya tsakaninmu, tunda mun san juna: da yawa daga cikin waɗanda suka fi kowa zafi a kan ƙauracewa sun je a ɓoye sun haɗa layukansu kafin wa'adi, domin lambar shiga bankinsu ta wannan layin take zuwa. Ba ma zarginsu, mu ma mun haɗa. Abin da muke ƙi shi ne a ci gaba da yi wa wasu huɗubar da mai huɗubar ya kasa bi.

Akwai kuma abin da masu aro daga Turai ke mantawa. A can, ɗan ƙasa ya riga ya wanzu a takarda tun ranar da aka haife shi. A nan arewa akwai ɗimbin mutanen da ba a taɓa rubuta haihuwarsu ba, akwai waɗanda rikici ya kora daga Bama ko Gwoza ko ƙauyukan Zamfara da kayan jikinsu kawai. Ga irin wannan mutumin, takardar da ke cewa gwamnati ta san da shi alheri ce, da ita zai buɗe asusu, da ita zai karɓi tallafi. Gangamin da ya fito yana cewa kada a ba kowa shaida, ya rabu da waɗannan mutanen tun daga jimlarsa ta farko, kuma suna da gaskiya idan suka juya masa baya.

Maganar Dujal kuwa ba za mu daɗe a kanta ba, don malamai sun fi mu sanin bakin zaren. Namu shi ne dabara. Gangamin da aka gina a kan jita-jita yana mutuwa ranar da maƙwabcinka ya yi rajista ya dawo gida lafiya ya ci tuwonsa. Daga ranar, duk abin da ka faɗa game da rumbun, ko da gaskiya ne tsantsa, an riga an saka shi a kwandon tatsuniya. Mun ga irin wannan a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Rashin yardar mutane yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Amma abin da aka yaɗa game da rigakafin ba gaskiya ba ne, yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe, aka dawo aka ci gaba da rigakafin a 2004. Abin da ya rage mana gado shi ne, duk ɗan arewan da ya ɗaga hannu ya yi tambaya ta hankali a kan wani shirin gwamnati, sai a yi murmushi a ce irin na shan inna ne. Jami'in da ke son kauce wa tambaya a kan tsaron bayanai ba shi da abokin da ya fi mai saƙon muryar nan.

Mu koma Birtaniya, mu duba abin da ya kashe shirin a zahiri, domin an kashe shi ɗin. Abu na farko da NO2ID ta yi daidai shi ne zaɓen abokin faɗa. Sunanta yana nuna kati, amma bakinta kullum a kan rajistar da ke bayan katin yake. Dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2006 ta tanadi adana kusan nau'i hamsin na bayanai a kan kowane mutum, ciki har da duk gidan da ya taɓa zama, da tarar da za ta iya kai fam 1,000 ga wanda ya sauya gida bai sanar ba, da kundin da ke rubuta duk lokacin da aka duba shi: a banki, a asibiti, a wurin neman aiki. Wannan na ƙarshen shi suka yi ta haskawa. Mutumin da bai damu da ɗaukar kati a aljihu ba, ya damu da jin cewa akwai wurin da za a tara jerin duk ƙofar da ya shiga har ya mutu.

Sai kuɗi. A watan Yunin 2005 masana a makarantar LSE ta Landan suka fitar da rahoto cewa shirin zai ci tsakanin fam biliyan 10.6 da 19.2 cikin shekara goma, alhali gwamnati na cewa 5.8. Ministoci suka fusata suka far wa masu rahoton, wanda hakan ya ƙara yaɗa shi. Daga nan muhawara ta tashi daga falsafar 'yanci, wadda mutum ɗaya cikin goma ke da lokacinta, ta koma nawa za a cire daga aljihuna, wadda kowa ke da lokacinta. Ƙungiyar ta kuma ƙi zama ta jam'iyya ɗaya. Ta tara 'yan mazan jiya da 'yan gurguzu da masu sassaucin ra'ayi, mutanen da ba za su iya cin abinci a faranti ɗaya ba, ta bi ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ƙwadago ɗaya bayan ɗaya tana neman su fitar da matsaya. Har ƙauracewar tasu ma mai lissafi ce: a 2006 sun ce wa mutane su sabunta fasfonsu da wuri, kafin a fara saka masu neman fasfo a rajistar, don su samu shekara goma a waje. Ka ga wannan shawara ce da ke ba mutum abu a hannu, ba ta ƙwace masa komai.

Sannan gwamnati da kanta ta kawo musu gudunmawa. Ranar 20 ga Nuwambar 2007 ministan kuɗi Alistair Darling ya tashi a majalisa ya ce hukumar haraji ta aika faifan CD guda biyu ta hanyar aika saƙo na yau da kullum, sun ɓace a hanya. A cikinsu akwai sunaye da adireshi da ranar haihuwa da bayanan banki na mutum miliyan 25, wato duk iyalin da ke karɓar tallafin yara. Har yau ba a gan su ba. Wani zai ce sa'a ce. Mu muna cewa shekara uku suka yi suna faɗa wa jama'a cewa irin wannan za ta faru, da harshen da za a iya tantancewa, shi ya sa da ta faru 'yan jarida suka san lambar wa za su kira. Da sun shafe shekarun suna maganar aljanu, da ranar ta zo ta wuce su.

An fara raba katin a Mancesta a ƙarshen 2009 a kan fam 30, mutum kusan 15,000 kawai suka karɓa. Jam'iyyun adawa biyu sun riga sun yi alƙawarin soke shi, suka kafa gwamnatin haɗaka a watan Mayun 2010, dokar sokewa ta fito a Disamba. A watan Fabrairun 2011 minista Damian Green ya tsaya gaban 'yan jarida yana jefa faifan ajiyar kwamfutocin rajistar cikin injin niƙa. Ku lura da abin da aka niƙa. Katunan an bar wa masu su, ko kuɗinsu ba a mayar musu ba.

Ba za mu ɓoye inda labarin ya yi tsami ba, don ya shafe mu kai tsaye. An soke wa 'yan ƙasa, amma katin baƙi mai zanen yatsa da aka fara a 2008 ya ci gaba, kuma duk ɗan Najeriyar da ya je karatu Ingila a shekarun da suka biyo ya dangwala. Nasarar ta tsaya a kan masu ƙuri'a. Sannan a watan Satumbar 2025 Firaminista Keir Starmer ya dawo da maganar a sabuwar riga, shaidar da za ta zauna a cikin waya, har mutum kusan miliyan uku suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Wanda yake zaton ana kashe irin wannan shiri sau ɗaya a huta, bai san gwamnati ba. Ita ma Birtaniyar ba karonta na farko ba ne: katin da ta kawo a 1939 saboda yaƙi, don dalilai uku, kafin a soke shi a 1952 ana amfani da shi a abubuwa fiye da talatin.

Labarin da muka fi so mu ba matasan da ke shigowa wannan harka shi ne na Ostareliya. Gwamnatin Bob Hawke ta nace a kan katinta har ta rushe majalisun biyu ta yi zaɓe a watan Yulin 1987, ta kuma ci. An yi zanga-zanga mai girma, kuma ta yi amfani, domin ita ta sa 'yan adawa suka tsaya da ƙafarsu. Amma wanda ya soke wuƙar wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, Ewart Smith, wanda ya zauna ya karanta ƙudirin sashe bayan sashe, ya gano cewa ranar fara aiki da dokar sai an fitar da wata ƙa'ida daban, ita kuma majalisar dattawa, inda gwamnati ba ta da rinjaye, tana da ikon soke ta. A watan Satumba aka janye shirin. Mu nawa ne a cikinmu muka karanta dokar da ta kafa NIMC a 2007 daga farko har ƙarshe? Mu da muke iya kwana muna bin kuskure guda a cikin layi dubu goma na manhaja, shafuka 'yan kaɗan na doka sun gagare mu.

Ƙasashen da suka fi kama da mu su ne waɗanda rumbun ya riga ya tsaya, kuma a can kotu ce ta yi aiki. A Indiya, inda Aadhaar ta haɗiye mutum fiye da biliyan ɗaya, alƙalai tara na kotun ƙoli sun yanke a watan Agustan 2017 cewa sirrin mutum haƙƙi ne na tsarin mulki. A Satumbar 2018 kotun ta bar Aadhaar da ranta, amma ta ce ba za a tilasta haɗa ta da layin waya ko asusun banki ba. A sake karanta wannan jimlar. Abin da aka yi mana a 2020 da sunan dole, kotun ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan fanni ta riga ta haramta shi shekara biyu kafin nan. A Kenya kuma, ƙungiyar 'yan ƙabilar Nubiya, waɗanda suka daɗe ana wahalar da su kafin a ba su shaidar zama 'yan ƙasa, tana cikin waɗanda suka kai shirin Huduma Namba kotu. A Janairun 2020 aka hana gwamnati karɓar ƙwayar halittar gado da alamar taswirar gidan mutum, a Oktoban 2021 aka ce raba katin ya saɓa doka tunda ba a yi nazarin haɗarinsa ga bayanan jama'a ba. Kotunan ba su rushe rumbu a ƙasashen nan biyu ba. Sun dai rage masa farce, kuma mai tumatir bai rasa layinsa ba a kan hanya.

Akwai masu ce mana duk wannan surutun 'yan boko ne, ƙasar da ake sace mutane a hanya ba ta da lokacin sirri, wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoro. Muna jin zafin da ke bayan wannan magana, mu ma muna bin hanyar Kaduna da addu'a a baki. Amma da sunan tsaro aka sayar mana da haɗa layi, don haka muna da haƙƙin tambayar riba. Masu garkuwa sun ci gaba da kiran iyalai suna ciniki ta waya, har shi kansa Farfesa Isa Pantami, wanda a zamaninsa aka kawo tsarin, ya fito a Janairun 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. A ɗaya gefen kuma, a watan Maris na 2024 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafi da ke sayar da bayanan NIN ga duk mai 'yan canji, a watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani da ke sayarwa a kan naira 100, ta ce har takardar ministan sadarwa ta saya don ta kafa hujja. Hukumar ta ce ba a fasa rumbunta ba. Mu da muke wannan sana'a muna iya yarda da hakan, kuma shi ne ya fi ba mu tsoro. Ba a buƙatar fasa ƙofa idan an raba makulli ga wakilai, su ma suka yanka wa wasu. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa yana da adireshi, yana da hoto, yana da lambar waya da sunan mahaifi, kuma waɗannan su ne kayan aikin ɗan damfara da mai leƙen asirin 'yan bindiga. Kalmar sirri idan ta fita sai ka sauya. Yatsunka goma ne, da su za a binne ka.

Fom ɗin rajistar ma yana tambayar abin da ba ruwan tantance mutum da shi: addini, da yaren gida, da zanen fuska. A ƙasar da aka sha tare hanya ana tambayar matafiyi daga ina yake kafin a yanke masa hukunci, bai kamata sai an tuna wa kowa abin da katin da ke ɗauke da ƙabila ya yi a shingayen Ruwanda a 1994 ba. Gwamnatin da ke tara bayanan yau tana iya zama mai kyakkyawar niyya. Rumbu ya fi gwamnati tsawon rai.

Don haka abin da muke kira a yi ba shi da armashin zanga-zanga. Na gaba a wurinmu shi ne kundin dubawa ya koma hannun mai bayanan. Kowane rumbu na kirki yana rubuta wa ya duba wa, da yaushe. A Estoniya ɗan ƙasa yana shiga da kansa ya ga wace hukuma ta leƙa bayanansa. Bankinka yana turo maka saƙo idan an cire naira hamsin, me zai hana a turo maka idan wani ya buɗe fayil ɗinka? Da ana yin haka, da shafukan naira ɗari ba su yi mako guda ba, domin mutum miliyan ɗari ne za su zama masu gadi. Wannan buƙata ce da liman da fasto da ɗan kasuwa da ɗan majalisa za su iya sa wa hannu ba tare da sun yarda da juna a kan komai ba, kuma mu mun san ba ta fi ƙarfin injiniyoyin ƙasar nan ba. Bayan ita sai tilasta amfani da lambar aro, wadda hukumar da kanta ta ƙirƙiro a 2022 mai mutuwa bayan awa 72, a daina barin kowane shago da kowane ofis yana karɓar kwafin takardar NIN yana jibgewa a kwali. Sai hanya ta biyu ga manomi da maƙeri da tsohuwar da aiki ya shafe musu zanen yatsa, don kada na'ura ta ce babu su. Sai jami'in tsaro ya nuna takardar alƙali kafin a buɗe masa. Sai a daina cajin mutum dubban nairori don gyara kuskuren da mai buga rajista ya yi.

Makaman suna nan, tsatsa suke yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wasiƙa. Dokar kare bayanai ta watan Yunin 2023 ta ba kowa damar neman kwafin abin da aka ajiye a kansa, ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanai sun fita, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar babban kamfani a shekara. Abin kunya ne a gare mu cewa wannan dokar ba ihunmu ne kaɗai ya haife ta ba, masu ba da bashin dala miliyan 430 na shirin shaidar, wato Bankin Duniya da abokansa na Turai, sun saka ta cikin sharuɗɗansu. Amma tunda an haifa, ai a yi aiki da ita.

Mu ma sai mun share ƙofar gidanmu. Wa ya rubuta waɗancan shafukan masu sayar da mutane a kan naira ɗari? Ɗaya daga cikinmu ne, mai digiri irin namu, wataƙila mun taɓa zama da shi a taron masu fasaha muna cin fanke. Mun yi aiki a wuraren da ake kwafe bayanan abokan hulɗa na gaske a zuba a kwamfutar hannu don gwaji, a tafi da ita gida a adaidaita. Mun ga inda ma'aikata goma ke shiga da kalmar sirri guda, wadda aka rubuta a takarda aka manna a jikin bango. Mun gani mun yi shiru, don albashi ya fi ƙarfin baki. Ranar da mai gida ya ce a ajiye cikakkiyar NIN ta kowane mai sayen kati ko da za a buƙata wata rana, wanda ke zaune a gaban kwamfuta shi ne mutum na ƙarshe da zai iya cewa doka ba ta yarda ba, kuma yanzu yana da sashen da zai nuna.

Ga masu cewa wasiƙa da kotu aikin masu sanyin jiki ne, muna gayyatarsu su zo mu rubuta ta farko tare. Tambaya ɗaya za ta ƙunsa, zuwa ga hukumar da ke riƙe da rumbun: kamfanoni nawa ne ke da izinin duba bayanan NIN a yau, su wane ne, kuma su nawa aka ƙwace wa izini tun watan Maris na 2024? Idan an amsa, mun samu jerin sunayen da za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Idan kwana bakwai suka wuce shiru, dokar 2011 ta ɗauki shirun a matsayin ƙin amsawa, ta kuma ba mai wasiƙar kwana talatin ya shigar da ƙara.